Gargaɗi kan mai sayar da maganin ƙarin maniyyi

Jama'a, wallahi har yanzu zuciyata tafasa take. Albashina na wata guda cur mutumin nan ya cinye. Wata guda cur!

Kada wani ya ce garaje na yi. Takardar gwajina na tura masa ta WhatsApp, ya karanta ta tamkar yadda likita ya karanta min: ƙwayoyin maniyyi miliyan 9 a kowace mililita, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 daga miliyan 16 yake farawa. Har sunan matsalar ya kira, oligospermia, wato ƙarancin ƙwayoyin maniyyi. Wa zai ji haka ya yi shakka? Sai ya sassauta murya ya ce, "Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, mako biyu kacal." Muryar nan har yau tana kunnena. Ɗan'uwa, mako biyu kacal. A take na tura kuɗin.

Ya toshe lambata ranar da na aika masa sabon gwaji. Kafin nan ma ya karɓi kuɗin kwalba ta biyu, ai da ita albashin ya ƙare. Tun da fari cewa ya yi idan na ga maniyyi ya yi kauri, magani ya kama.

Ƙarya ce. Likita ya ce yawancin ruwan daga furostet (wata gaɓa a ƙarƙashin mafitsara) da wasu jakunkuna biyu a bayan mafitsara yake fitowa. Ƙwayoyin da ke sa ciki kuwa, a cikin 'ya'yan maraina ake yin su, ido ba ya ganinsu, kauri ba ya nuna yawansu. Kuma kowace ƙwaya sai ta yi kusan kwana 74 kafin ta kammala. To mako biyun daga ina?

Daga miliyan 9 na koma miliyan 4. Miliyan 4! Likita yana zargin an cuɗa maganin da testosteron, wato sinadarin mazantaka, wanda idan aka ɗura wa jiki daga waje, maraina kan rage aikinsu. Na biya albashin wata guda an ƙara min ciwo. Maiɗakina kuwa ta sa rai, kullum ita ke tuna min lokacin sha. Wannan ya fi kuɗin ƙona min rai.

Hotunan hirarmu, muryoyinsa da shaidar biya duk suna hannuna, zan ɗora su a gani.

Duk wanda ya ce muku mako biyu, ɓarawo ne. Ku je asibiti a gwada ku, kada ku sha abin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba.