Kwalba ɗaya ta faranta min rai, ta biyu ta ba ni kunya

Ni ba ma'abociyar farin ruwan inabi ba ce. Ja muka saba da shi a gida, shi ma sai Kirsimeti ko in an yi baƙi. Bana ƙanwata ta matsa min sai na gwada farin ruwan inabin yankin Bordeaux na Faransa, mai rubutun Entre-Deux-Mers a jikinsa. Na sayi kwalba biyu a wani kanti a nan Jos, kuɗin kuwa kun san yadda kayan waje suka koma.

Ta farko ta ba ni mamaki. Na sa ta a firji kamar awa biyu, na gasa karfasa da tafarnuwa da lemun tsami, na soya dankalin Turawa. Tun kafin in kai baki ƙamshin ya bugi hancina, kamar an ɓare garehul kusa da ɗanyar ciyawa. Ba shi da zaƙi ko kaɗan, sai ɗan tsami mai wanke maiƙon kifi daga harshe, kowace loma ta zama kamar ta farko. Haɗin inabi iri uku ne: Sauvignon Blanc ke kawo tsamin, Sémillon ke ba shi kauri don kada ya yi salam, Muscadelle kuma ɗan kaɗan ne saboda ƙamshin fure. Yankin da ake yin sa yana tsakanin kogunan Garonne da Dordogne a Faransa, can ma da kayan teku aka fi shan sa. Maigida ya gwada da tsire, bai karɓe shi ba sam. Yaji ya ninka zafi, ɗanɗanon ya ɓace. Ku bar shi da kifi ko gasasshiyar kaza marar barkono da yawa.

Ta biyu na adana ta don surukaina da za su zo Sabuwar Shekara. Na cika su da yabonsa tun suna hanya. Ina zare toshiyar na ga ta jiƙe har sama, ta ruɓe a hannuna. Da na zuba a kofi, maimakon fari mai ɗan kore-kore sai ga launi kamar shayin da ya kwana. Warin kuwa na tuffa ce da ta faɗi ta daddauje. Baba ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofin a hankali, ya ce, "'Yata, kawo min ruwa." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kifin da na wuni a kansa da zoɓo aka ci shi.

Sai daga baya na duba takardar jikin kwalaben. Ta farko ta shekarar 2022 ce, ta biyu ta 2017, ga su a jere ɗaya, kuɗi ɗaya. Irin wannan farin ba na ajiya ba ne, cikin shekara biyu ko uku ake shanye shi. Da na koma kantin, yaron ya ce, "Madam, ai ruwan inabi yana tsufa yana ƙara daɗi." Na ce, "Ƙanena, zo ka shinshina." Ya ƙi. A bayansa ga kwalaben a tsaye jikin taga, rana na dukan su tun safe, ba fanka balle na'urar sanyi. Ko sisi ba su mayar min ba, wai an riga an buɗe. To in ban buɗe ba ta yaya zan san ya lalace?

Ƙanwata ta ce in sake saye a wani wurin, in duba shekara, in ɗaga kwalbar ga haske kafin in biya. Har yanzu ina tuna daɗin waccan ta farko da karfasa, amma duk na wuce ta gaban kantin nan fuskar Baba nake gani yana ajiye kofi.