Gida, mai jinya ko gidan kula da tsofaffi: zaɓin da ke gaban iyali a Kano idan gigin tsufa ya kama dattijo

Mantuwa ita kaɗai ba ta cika tara 'ya'ya a falo ba. Ana iya shekara biyu Hajiya tana maimaita tambaya ɗaya, ana ba ta amsa, ana cewa tsufa ne. Abin da ke tara mutane shi ne ranar da ta zare sakata kafin asuba ta fice, aka tsinto ta wajen Ƙofar Mata tana neman gidan mahaifinta da ya daɗe da rasuwa, ko ranar da ta kunna gas ta koma ɗaki ta kwanta. A ranar ake fara tambayar inda ya kamata ta zauna da wanda zai kula da ita.

Kafin a zaɓi komai, a kai ta wajen likita. Ina nanata wannan domin ba kowane ruɗewa ne gigin tsufa ba. Tsohon da ya rikice cikin kwana biyu ko uku, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon mafitsara, ko suga ya hau ko ya faɗi, ko wani magani ne bai karɓe shi ba, kuma duk waɗannan ana warkar da su. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, wata da watanni. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya yana da likitocin ƙwaƙwalwa, haka ma asibitin Dawanau, kuma ana iya farawa daga asibitin Murtala a karɓi takardar turawa. A tafi da wanda yake kwana da ita, a faɗi komai har fitsarin kwance da zagin da take yi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne a duniya ke fama da gigin tsufa, kuma cutar Alzheimer, mai lalata ƙwaƙwalwa a hankali, ce ke jawo kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Wani nau'in kuma yana biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa riƙe maganin hawan jini yake da muhimmanci. Magunguna irin su donepezil da memantine suna ɗan sassauta alamomin ga wasu, amma ba sa warkarwa. Duk wanda ya ce zai dawo muku da Hajiya kamar da, kuɗinku yake so.

Zaɓin farko, wanda kusan kowa ke fara bi, shi ne ta zauna a gida dangi su yi jinya. Yana da babbar fa'ida: mai gigin tsufa ya fi natsuwa a inda ya sani, da ɗakinsa, da butarsa, da muryar ladanin unguwarsu. Amma a duba waye "dangi" a aikace. Galibi mace ɗaya ce, matar babban ɗa, ko 'yar auta, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida. Ita ce wanka, ita ce wankin zannuwa, ita ce ba ta barci domin da la'asar sakaliya rikicin Hajiya ke tashi, ya kai har tsakar dare. Sauran kuwa su zo ranar Juma'a da ledar lemo su ce ai Hajiya ta yi kyau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In za a bi wannan hanya, a raba kwana a rubuce, a sa wa ƙofar waje makulli daga sama, a kawar da ashana da maganin ƙwari da tukunyar gas, a ɗinka lambar waya a cikin mayafinta, a kuma sanar da mai unguwa da masu shagon bakin layi halin da ake ciki.

Zaɓi na biyu shi ne a ɗauki mai jinya da albashi ta zo gida. A ganina wannan ne ya fi dacewa da yawancin gidajen Kano, matuƙar akwai ɗan gida da ke sa ido. Sai dai a bambance tsakanin 'yar aiki da mai jinya. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye don shara da wanke-wanke ba za ta iya da tsohuwar da ke duka lokacin wanka ba, kuma zalunci ne a ɗora mata. Mace babba mai haƙuri, ko wadda ta taɓa aiki a asibiti, ita ake nema, namiji kuma ga Alhaji, saboda tsarki da sutura. Nas ɗin da ta yi karatu ba lallai sai ta kwana ba, tana iya zuwa sau ɗaya ko biyu a mako ta auna jini da suga, ta duba fata, ta koya wa mai jinya yadda ake juya mara lafiya. Wanda ba ya iya tashi, kusan duk bayan awa biyu ake juya shi, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da dunduniya, kuma warkar da shi aiki ne ja. Mutum ɗaya ba zai yi dare da rana ba tare da hutu ba, don haka lissafin albashi na mutum biyu ne, ko mutum ɗaya da ɗan gida mai karɓarsa.

Na uku shi ne a mayar da ita wani wuri da ake kwana, ko gidan kula da tsofaffi mai zaman kansa, ko ɗaki a asibitin kuɗi. A nan ne kunya ke shigowa, me mutane za su ce. Na san ayar Suratul Isra'i da ta hana ko "uffan" ga iyaye, kuma ita ce ma take sa ni cewa gidan da gajiya ta kai ana yi wa tsohuwa tsawa, ana kulle ta a ɗaki a tafi aiki, bai fi wurin da za a kula da ita da mutunci ba. Ana tunanin wannan zaɓi idan fitar dare ta gagari makulli, ko mai jinyar da kanta ta kwanta ciwo, ko 'ya'yan duk suna Abuja da Legas da ƙasar waje. Wuraren da suka ƙware kan gigin tsufa kaɗai ba su da yawa a ƙasar nan, saboda haka allon ƙofa ba hujja ba ne. Gadon asibiti kuma na ɗan lokaci ne, yana da tsada, ba a gina shi don zaman shekaru ba. Gidan Gajiyayyu na Shahuci na gwamnati ne, an tanade shi don marasa galihu da ba su da mai riƙe su, ba shi ne amsar iyalin da ke da hali ba.

Gani ya kori ji. A je ba tare da an sanar ba, a je da yamma ko bayan magariba, lokacin da ma'aikata suka ragu. Hanci zai fara ba da labari tun daga ƙofa. A tsaya a ga yadda ake ba wani tsoho abinci: ma'aikaciyar ta zauna daidai da shi, tana cewa "Baba, ga kunu, buɗe baki a hankali," tana jira ya haɗiye, ko kuwa a tsaye take tana ɗura masa yana kwance tana kallon waya? Mai gigin tsufa yana saurin ƙwarewa, abincin ya bi ta huhu. A dubi wuyan hannun mazauna wurin ko da shatin ɗauri. In ka tarar kowa na barci da rana tsaka, ka tambayi irin maganin da ake ba su, domin akwai masu sayen shiru da maganin barci. Sannan a tambayi mutum nawa ke kwana a bakin aiki da dare, wane likita ke zuwa, wane asibiti ake garzayawa in abu ya taso, da wace mota. A nemi ganin takardar rajistarsu da hukuma. A tambayi sola ko janareta, domin zafin Afrilu da Mayu a Kano yana haura digiri 40, tsoho kuwa ba zai ce yana jin ƙishirwa ba. Wurin da ya ƙayyade ziyara sau ɗaya a mako, ko ya hana ka shiga ɗakin kwana, ka juya.

Akwai hanyar da ba ta cikin lissafi sam, wato gidan mari da duk inda ake ɗaure mutum da sunan magani. A 2019 gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. Addu'a da karatun Alƙur'ani a kusa da ita alheri ne kuma suna sanyaya mata rai, amma larurar a ƙwaƙwalwa take, duka da hayaƙi ba abin da za su ƙara sai firgici.

Kuɗi kuma a yi maganarsu a fili tun farko. Ko a gida ko a waje, abin da ke cin aljihu shi ne pampas na manya, magani, albashi, abinci mai laushi da zirga-zirgar asibiti. Idan wuri ya faɗi kuɗin wata, a tambaya ko waɗannan suna ciki, a karɓa a rubuce tare da sharaɗin ƙarin farashi da na fitar da mara lafiya. Katin bankinta da fanshonta da takardun gida a danƙa wa mutum ɗaya amintacce, yana rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita kowa ya gani.

Duk wanda aka zaɓa, a fara da gwajin wata ɗaya. Makon farko za ta ƙara rikicewa saboda sauyin wuri ko sabuwar fuska, kada a yanke hukunci a kansa. Daga mako na uku a duba nauyinta, da fatar bayanta, da barcinta, da yadda take yi idan mai jinyar ta shigo ɗakin. In tana ƙanƙame jiki ko tana kare fuska da hannu, a ɗauke ta ko a sallami mai jinyar a ranar, ba sai wata ya cika ba.