Lamunin mota ina tsakiyar karayar arziki: yadda na ga kiredit yuniyon a Ohio

Idan kana Amurka, shari'arka ta karayar arziki tana gaban kotu, motarka kuma ta mutu, ka fara da kiredit yuniyon kafin ka taka wurin dillalan da ke sayar da mota bashi da kansu. Ni abin da na yi ke nan, kuma na gamsu, duk da akwai inda raina bai so ba.

Ga wanda bai sani ba, kiredit yuniyon banki ne na 'yan ƙungiya. Masu ajiya su ne masu shi, ba wasu masu hannun jari a waje ba. Da dala 5 na shiga tawa. A yawancinsu, hukumar gwamnatin tarayya mai suna NCUA ce ke tsaya wa ajiyar kowane mutum har dala 250,000, kuma waɗanda ke da rajistar tarayya ba sa wuce kashi 18 cikin ɗari na kuɗin ruwa a yawancin lamuninsu. Wannan iyakar ce ta ja ni, domin wanda sunansa ya ɓaci a Equifax, Experian da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, dillalai sukan yanka masa sama da kashi 20. Maganar kuɗin ruwa ta dame ni ƙwarai, na kuma zauna da malaminmu a kanta. Kowa ya yi hakan da nasa malamin.

Shagona ya durƙushe bayan korona, sai na shigar da shari'a a ƙarƙashin Babi na 13 na dokar karayar arziki, wanda ake biyan masu bin bashi kaɗan-kaɗan ta hannun wakilin kotu cikin shekara 3 zuwa 5. A wannan tsakanin ba ka da ikon cin sabon bashi mai nauyi sai da izini. Lauyana ya shigar da takarda mai nuna farashin motar, kuɗin ruwa da abin da zan riƙa biya duk wata. Wakilin kotu ya duba ko biyan zai taɓa haƙƙin masu bina, kafin aka amince. Abin ya ɗauki makonni, motar da na fara gani har aka sayar wa wani. Inda nake zaune kuwa, mara mota ba ya zuwa aiki.

A nan ne na yaba wa kiredit yuniyon ɗin da ta ba ni lamunin. Wurare da dama ana jin shari'ar ba ta rufe ba sai a ce in dawo bayan an sallame ni. Jami'ar lamunin nan kuwa ta san aikinta. Ta nemi takardun albashi da shaidar cewa ban taɓa tsallake biyan wakilin kotu ba, ta rubuta sharuɗɗan yadda lauya zai iya miƙa su, kuma ta riƙe min tayin har izini ya fito. Ba ta taɓa kallona kamar wanda ya ci amana ba. Wanda ya zauna aka yi masa tambayoyi a kan duk abin da ya mallaka, bayan an rantsar da shi, ya san darajar wannan. Sun nemi kafin alƙalami mai ɗan kauri da cikakkiyar inshora, sun kuma ƙi motar da ta tsufa da yawa. Na ɗauki Corolla ta hannu.

Sai dai ƙungiyar da ta ba ni lamunin ba ita ce tawa ta asali ba, kuma dalilin shi ne abin da na fi so a ji. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi suna saka wani sharaɗi a takardar lamuni: abin da ka jinginar don bashi ɗaya ya zama jinginar duk bashin da suke binka. Wato motarka tana tsaye wa katin bashinka, ko da ka gama biyan kuɗinta. Suna kuma da iko a kan kuɗin da ke asusunka. Ina shigar da shari'a, tsohuwar ƙungiyata ta riƙe abin da ke ciki. Lauya ya ce Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan riƙewa ta ɗan lokaci tun 1995. Daga baya suka rufe min kati, wai na jawo wa 'yan ƙungiya asara. Na fahimci hujjarsu, kuɗin mutane ne irina. Amma shekarun da na yi ina ajiya a wurinsu sun cancanci ko da kiran waya kafin a rufe.

Don haka kafin lauya ya shigar da takardunka, ka gaya masa duk inda albashinka ke sauka, ka tambaye shi ko ya kamata ka buɗe asusu a wurin da ba a binka ko sisi. A sabuwar ƙungiyar ma sharaɗin jinginar yana nan, na karanta shi da idona. Sun yi min tayin katin bashi, na ce a bari sai na karɓi takardar mallakar motar.