Ɗakin gwaji ko kwamfuta? Amsa ga ƙanwarmu ta Ringim

Ƙanwarmu da ke wani ƙauye a yankin Ringim ta gama digirin bayokemistiri a Jami'ar Bayero, ta kammala hidimar ƙasa, yanzu tana son digiri na biyu a kan furotin. Tambayarta: ta bi ta ɗakin gwaji ko ta kwamfuta?

Ƙanwata, hanyoyin biyu abu ɗaya suke nema, wato siffar furotin. Furotin sarƙa ce ta amino asid iri 20, tana naɗewa ta yi wata siffa, siffar nan kuma ita ke yanke aikinta. Dubi sikila: amino asid ɗaya tak ta sauya a gurbi na 6 na sarƙar beta ta himogulobin, sai ga ciwon da muke gani a gidajenmu.

A ɗakin gwaji za ki tace furotin, ki daskarar da shi ya zama kiristal, a haska shi da eksire. Haka John Kendrew ya fitar da siffar furotin ɗin tsoka mai suna mayogulobin a 1958 a Ingila. Abin da kika samu hujja ce, amma yakan ci watanni ko shekaru. Yana son sinadaran da ake saye da dala, da firiza mai tsananin sanyi, da wutar da ba ta yankewa. Babbar na'urar sinkirotiron da ake yawan yin aikin da ita babu ita a duk Afirka, sai a kai samfuri ƙetare. Dole kuma ki tare inda jami'ar take.

Ita kuwa kwamfuta, tun da AlphaFold, shirin hasashen siffar furotin na kamfanin DeepMind, ya yi zarra a gasar masu irin wannan hasashe ta CASP a 2020 lamarin ya sauya. A 2024 Demis Hassabis da John Jumper, jagororin aikin AlphaFold, suka raba kyautar Nobel ta kemistiri da David Baker. Yau hasashen siffar furotin sama da miliyan 200 yana intanet kyauta. Da laftof da ɗan sola da data, kina ɗakinki za ki fara koyon harshen kwamfuta na Python, nauyin lissafin kuma ki ɗora wa Google Colab, dandalin da ke ba ki aron kwamfuta ta intanet. Babbar damuwarki sabis ne.

Sai dai hasashe sunansa hasashe. AlphaFold ɗin ma daga rumbun siffofin furotin na PDB ya koya, inda masu ɗakin gwaji suke tara sakamakonsu tun 1971. Yana kuma nuna inda yake da tabbas da inda ba shi da shi, amma ɗalibai da yawa kyan hoton kawai suke kallo. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a gwada sinadarin zogale da wani furotin a kwamfuta, a ga maki mai kyau, a rubuta cewa an gano magani. Ba a gano ba, an dai samu abin da ya cancanci a gwada.

Da ni ne ke, kwamfutar zan ɗauka, tunda tun gobe za ki iya farawa ba tare da kin bar gida ba. Amma kafin ki sayi fom, nemi malamin da zai duba aikinki, ki tambaye shi kai tsaye: wane ɗakin gwaji ne zai tabbatar da abin da kwamfutata ta fitar? Ki kuma zaɓi matsala tamu. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Zariya ta fitar a 2019, furotin Cry1Ab ne yake kare shi daga tsutsar da ke huda kwanso. Fara da sauke siffar wani furotin na dangin Cry daga PDB, ki buɗe ta a manhajar kallon siffar furotin ta PyMOL, ki kwatanta da hasashen AlphaFold.