Digiri na biyu a fasahar sadarwa ta NOUN: yadda yake ga mai karatu daga ƙauye

Malamin sakandare a Babura ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a Gwaram da ke son digiri na biyu a fasahar sadarwa, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya nemi hutun karatu ya tare a Kano ko Dutse, ko ya shiga jami'ar karatu daga gida, wato NOUN. Jami'ar ta gwamnatin tarayya ce, an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar da ita a 1984, sai Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002. Tana da cibiyoyin karatu a Kano da Dutse. Shigarta ba wuya, kuma wannan sauƙin ne ke kayar da mutane, don babu mai kiran suna a aji, babu mai tambayar ka inda ka kwana a littafi.

Mai digirin farko a kimiyyar kwamfuta ko abin da ya kusance ta yakan wuce digiri na biyu kai tsaye, inda lambar kwasa-kwasan fannin ke farawa da haruffan CIT, sai lamba ta ɗari takwas da wani abu. Mai HND ko wanda ya fito daga wani fanni yakan fara da PGD, wato difulomar gaba da digiri, mai kwasa-kwasai masu lambar ɗari bakwai. Kada a raina PGD ɗin. Wanda bai taɓa rubuta umarni ko ɗaya a rumbun bayanai, wato manhajar adana bayanai a kwamfuta, ba, can ne zai koya.

Biyan kuɗi ta Remita ake yi, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet, kuɗin ya shiga asusunka na shafin ɗalibi, daga nan a riƙa cira. Rajista kuwa hawa uku ce: ta zango, ta kwas, ta jarrabawa. Nan sabon ɗalibi ke tuntuɓe. Sai ya yi ta kwas ya ɗauka ya gama, alhali bai yi ta jarrabawa ba. A buga takardar kowacce a ajiye, a kuma duba lambar kwas ɗin harafi da harafi.

Abin da ya fi burgewa a tsarin shi ne littattafan. Kowane kwas yana da littafinsa na PDF a shafin jami'ar, kyauta, an raba shi kashi-kashi, kowane kashi da darussa a ƙarƙashinsa. Rana ɗaya a inda sabis ke da ƙarfi ta isa a sauke na zangon gaba ɗaya, a zuba a kwamfuta da waya da filas. Daga nan karatu ba ya buƙatar data.

Da waɗannan littattafan ake tsara zango, ba da ƙwarin gwiwa ba. Buɗe kowane littafi ka ƙirga darussansa. A ce kowanne ashirin ne, kuma mako goma sha biyu ya rage kafin jarrabawa. Kwas huɗu darasi 80 ke nan, kusan ɗaya a rana. Kwas shida darasi 120, goma a mako, ba a sa bita a ciki ba. Mai aikin gwamnati da ke da gona, in zangon ya faɗo a damina ko lokacin girbi, goman nan ba za ta samu ba. Haka azumi. Gara a fara da kwasa-kwasan dole, a jinkirta na zaɓi, kuma kada a haɗa masu nauyi uku a zango ɗaya. Rumbun bayanai da sadarwar kwamfutoci suna son zama gaban na'ura, don haka a haɗa ɗayansu da kwas na karatu zalla, irin na dabarun karatu daga nesa mai lambar GST.

Maki kashi biyu ne. TMA, wato aikin gwaji da ake yi ta intanet har sau uku, yana da 30, jarrabawa tana da 70, kuma a matakin gaba da digiri sai an kai 50 ake cin kwas. Wanda ya tara 25 a TMA, 25 kacal yake nema a ɗakin jarrabawa. Wanda ya bari aka rufe, sai ya ciwo 50 cikin 70 da biro a hannu, don jarrabawar wannan mataki rubutu ce a takarda. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin TMA sai daren rufewa, lokacin da kowa ya yi wa shafin caa, sabis ɗin ƙauye kuma ya zaɓi ranar ya ɗauke. A yi shi a makon da aka buɗe, da asuba. Amsoshin da ke yawo a WhatsApp kuwa, wasu na tsohon zango ne, kuma ko sun dace, ranar biro za su bar ka a rana.

Raunin tsarin yana wajen aikin hannu. Fasahar sadarwa tana gudu, littafi yana tafiya a ƙasa, kuma mutum zai iya cin kwas ɗin sadarwa bai taɓa saita na'ura ko ɗaya ba. Cike giɓin yana wuyan ɗalibi. Laftof mai RAM gigabait 8 ta isa. A sa mata XAMPP don gwada rumbun bayanai na MySQL da shafukan intanet, da Packet Tracer na Cisco don zana hanyoyin sadarwa, da Python don rubuta manhaja. Duka suna aiki ba intanet da zarar an sauke su, sai dai Packet Tracer yana buƙatar a fara shiga da asusun Cisco ta intanet. Cajar laftof takan ja wat 45 zuwa 65, ƙaramar sola mai batir za ta ɗauka. Darasin kai-tsaye na bidiyo na iya cin kusan gigabait ɗaya a awa, saboda haka a kashe kyamara.

Jarrabawa sai an je cibiya da ƙafa. Mai zuwa Dutse daga Birniwa ko Guri ya sa kuɗin mota da na kwana cikin lissafin zango tun farko, ya kuma kai wa shugabansa na wurin aiki jadawalin da zarar ya fito.

Furojet, wato aikin binciken kammala karatu, shi ne ke tsayar da mutane a bakin ƙofar fita. A fara neman maudu'i tun zangon farko, daga abin da ke kusa: rajistar marasa lafiya a asibitin karkara, ko bayanan ɗalibai a makarantar da kake koyarwa. Wanda ya zaɓi irin wannan, aikin da ya yi a kwas ɗin rumbun bayanai shi zai ɗora a kai, kuma bayanan da malamin da ke duba shi zai nema suna nan a ofishin da yake zuwa kullum.