Gargaɗi: a kula da mai tallar "kayan kafintan Bature da ya rasu"

Assalamu alaikum. Kafintoci da masu sha'awar aikin katako a gida irina, don Allah ku karanta wannan, ku kuma tura wa duk wanda kuka san yana neman tsofaffin kayan aiki. Akwai wani mutum da ke tallarsu a Facebook da zaurukan WhatsApp. Ya damfare ni, ya damfari abokina, kuma ba na jin mu kaɗai ne. Ba zan kama suna ba, domin sunan da yake amfani da shi ma na aro ne, kada in jawo wa wani bawan Allah mai irin sunan abin da bai ji ba bai gani ba. Salonsa zan faɗa muku, shi ne bai canza ba.

Ni ma'aikacin ofis ne. Asabar da Lahadi nake zuwa shagon wani dattijo da nake kira Baba, kusa da 'Yan Katako a Na'ibawa ta Kano, ina koyon aiki. A wurinsa na fara riƙe jakfilen, wato abin goge katako na hannu, ƙirar Record mai lamba 5, shuɗi, wanda shi ma ya gada daga nasa maigidan. Duk wanda ya taɓa tura irin wannan a kan madaci, ya ga ɓawon katako yana fitowa a nannaɗe, siriri kamar takarda, ba zai ƙara kallon na yanzu masu araha ba. Tun 1931 kamfanin ya fara ƙera su a Sheffield ta Ingila, kuma da yawansu har gobe suna aiki. Na shekara ina neman nawa a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ban dace ba. Ta wannan ƙofar mutumin ya shigo mini.

Hotunansa kaɗai sun isa su tsinka wa mutum yawu: jakfilen na Stanley da Record a jere, cizal na Marples da ƙotarsu, zarto masu maɓallin tagulla. Labarinsa kuwa shi ne wani Bature kafinta ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da shagon kacokan, aka zubo kayan a kwantena, yanzu suna Legas. Ga shi da ladabi kamar gaske. "Yallaɓai, wallahi ba don kuɗin fito ya matse ni ba, da ba zan sayar a haka ba." Na ce bari in gwada shi da ƙaramin abu, na sayi cizal ɗaya mai faɗin inci guda. Bayan kwana huɗu ya iso tasha. Baba ya wasa shi, ya sare ƙarshen katako da shi, ya gyaɗa kai ya ce wannan ƙarfe ne. Ashe tsaba ce aka watsa mini.

Karo na biyu na saki jiki. Jakfilen mai lamba 5, zarto ƙirar Spear & Jackson, da ƙarfen matse katako na jikin benci, Record mai lamba 52, duka a kan naira dubu 140. Ya ce in ba da rabi. Sunan da ke kan asusun ya bambanta da na shafinsa, ya ce na ƙaninsa ne, na yarda. Washegari ya turo hoton kwali a ɗaure a tasha, na cika sauran. Da yamma wani ya kira ni wai shi ne direba, kaya sun yi nauyi, sai an ƙara dubu 15 ko ya sauke su a hanya. Na tura. Yanzu da nake tuna muryar nan, ina kyautata zaton shi ne dai ya maƙe murya.

Kwali ya zo, amma tun daga ɗaukarsa gabana ya faɗi. Ƙarfen matse katakon nan abu ne mai nauyin gaske, wannan kuwa da hannu ɗaya na ɗauke shi. Babu shi a ciki.

Na kai wa Baba sauran. Ya sa tabarau, ya juya jakfilen ɗin sau biyu, bai ce komai ba. Ya cire murfin da ke danne wuƙar, wanda aka rubuta Record a jiki, ya ajiye gefe. Sai ya nuna mini gangar jikin da ɗan yatsa.

"Ɗana, ina rubutun?"

Na ce wane rubutu, Baba?

Ya jawo nasa ya ajiye kusa da nawa. A nasa, suna da lamba da "Made in England" duk a jikin ƙarfen suke, tare aka zuba su, yatsa yana jin tudunsu. Nawa sumul, sai shuɗin fenti. Ya kankara da farce, fentin ya ɓare, danye ne. Murfin ne kaɗai tsoho. Sabon jakfilen mai araha aka samu, aka fesa masa fenti, aka ɗora masa hular wani. Abu ne mai sauƙi, domin wuƙar mai lamba 4 da ta mai lamba 5 duk inci biyu ne faɗinsu, murfin ɗaya yana hawa kan ɗaya, har da na kwaikwayo. Ya ɗora sukwaya, wato ƙarfen auna miƙewar abu, a ƙasansa ya ɗaga wajen haske, sai ga haske yana ratsowa ta tsakiya. Ya goga magagari a gefen wuƙar, magagari ya ci ta kamar ƙusa. Ƙarfe mai kyau zamewa magagari yake yi a kansa. Zarton ma haka: tsohuwar ƙota, sabon ruwa mai baƙaƙen haƙora, irin waɗanda aka ƙona su yi tauri, ba sa wasuwa, in sun dakushe sai bola.

Baba bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai, "Kayan aiki ba a sayensa da ido, sai ya ci katako a gabanka." Na kira lambar mutumin, ya ɗauka sau ɗaya ya ce kuskuren yaransa ne, zai canza. Daga nan ya toshe ni.

Na abokina ya fi nawa muni, domin har rai ya so taɓawa. Injin goge katako na lantarki ya saya a wurinsa, na hannu. Yana jona shi a janareta ya yi wata irin ƙara, hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Mai gyara ya buɗe ya ce na wuta 110 ne. Wutarmu a nan 230 ce. Injinan Amurka 120 suke sha, a Ingila ma waɗanda ake aiki da su a wuraren gini 110 ne, filoginsu ruwan ɗorawa, mai zagaye. Mutumin ya yanke filogin ya sa irin namu, ya kankare ɗan allon da ke nuna ƙarfin wutar. Irin waɗannan injinan ba su da laifi, akwai masu aiki da su da taransifoma mai rage wuta, amma sai an faɗa maka. Wanda ya ɓoye wannan ya san sarai abin da zai faru da mai riƙe da injin.

Daga baya ɗan yayata ya sa hotunan a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya fito a intanet. Nan take suka fito a shafukan gwanjo na ƙasar waje, wasu an sayar da su tun shekarun baya. Minti biyu bai ɗauka ba, kuma kyauta ne. Wannan ya fi komai ci mini rai.

To, idan wani ya yi muku tayin irin waɗannan kaya daga nesa, ku ce ya kira ku ta bidiyo kai tsaye, ya rubuta sunanku da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da kayan, ya kwance jakfilen ɗin a gabanku, sannan ya mayar ya goge katako kuna kallo. Mai kaya na gaskiya ba zai ƙi ba. Nawa kullum uzurinsa sabis ba kyau a sito. In kuna da ɗan'uwa a garin, ya je ya gani da idonsa kafin sisi ya fita. Sunan asusu in ya saɓa da na mai magana, ku tsaya nan.

In kuma kayan suna hannunku, ko a Panteka ta Kaduna ne ko a wajen 'yan gwanjo, ga abin da Baba ya koya mini bayan an riga an yi ɓarnar. Tsatsar sama ba komai ba ce, sanfefa da kananzir suna fitar da ita, kuma sau da yawa mai tsatsar nan ya fi mai ƙyalli gaskiya. Sabon fenti a tsohon ƙarfe shi ne abin tsoro. Gangar jakfilen ƙarfen zubi ce, in ta faɗi ƙasa takan tsage a gefen bakin da wuƙa ke leƙowa, sai a like da tagulla a shafe da fenti. Ku cire komai, ku riƙe ta da yatsu biyu ku ƙwanƙwasa: lafiyayya tana amo, mai tsaga kuwa muryarta a dishe take. Ku duba bayan wuƙa da bayan cizal kusa da baki. In tsatsa ta yi ramuka a nan, duk washin da za a yi giɓi zai riƙa fitowa. Bakin da ya yi shuɗi kuwa an ƙona shi a injin washi, taurinsa ya tafi.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta hana shi magana. Ya je bankinsa a ranar da shaidar turawa da hotunan hirarsu, ya kai rahoto wajen 'yan sanda. Ni na yi kwana shida ina jiran canjin da ya yi alkawari, kafin in je an kwashe komai daga asusun.

Shafin ya canza suna makon jiya. Yanzu kekunan ɗinki da injinan walda yake talla, wai na wani Bature tela da ya rasu. Lambar waya sabuwa ce, amma kalmomin nan suna nan yadda suke: kuɗin fito ya matse shi, a ba da rabi kafin a ɗora a mota.