Alto ko tenor? Amsa ga mai son busa irin ta rediyon tsakar dare

Ɗan'uwa, tunda saksofon ɗin jazz mai kururuwa da ka ji a rediyo da tsakar dare ne ya ja ka, kuma kana tsakanin alto, ƙaramin saksofon mai siririyar murya, da tenor, wanda ya fi shi girma, to sayi alto.

Nawa Yamaha YAS-23 ne, na hannu, daga wajen wani dattijo da ya yi ritaya daga badujala. Fentinsa duk ya koɗe, amma baban nan bai karɓi kuɗina ba sai da ya zaunar da ni a zaure ya busa shi tun daga sauti mafi ƙasa har na ƙoli, a hankali, don in ji babu inda iska ke zurarewa. Ya haɗa mini da bakin busa 4C, ya ce kada in kuskura in fara da harshen kara mai tauri, wato ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a bakin busa yana kaɗawa ya ba da sauti, in tsaya a lamba 2 mai laushi. Har yau da shi nake atisaye bayan Isha'i, in cusa masa tsumma a faffaɗan bakin da sauti ke fitowa saboda maƙwabta. Da hunturu sai na daɗe ina jiƙa harshen kafin ya yi magana, bayan wannan kuwa bai taɓa ba ni ciwon kai ba.

Tenor ma ina da shi, sabo fil marar suna, yana ƙarƙashin gado. Mu bar zancensa.

Gaskiya dai mai yiwuwa tenor ka ji a daren nan. Shi ne kayan John Coltrane, shahararren mai busa jazz na Amurka, a shekarunsa na ƙarshe kafin rasuwarsa a 1967, shi ne na Albert Ayler da Pharoah Sanders. Yusef Lateef, wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana bincike daga 1981 zuwa 1985, shi ma ɗan tenor ne. Muryar tenor ta fi kauri da gurnani. Sai dai ya fi alto nauyi da wajen kilo guda, yana cin numfashi, harshensa ya fi tsada, kuma mai kyau a cikinsa ba kuɗin ɗan koyo ba ne.

Kada ka ɗauka alto na yara ne. Ornette Coleman, wanda ya hargitsa duniyar jazz ta New York a 1959 har aka sa wa salon suna free jazz daga faifansa, alto yake busawa, farin alto na roba ƙirar Grafton, don lokacin da ya saye shi ba shi da kuɗin na ƙarfe. Eric Dolphy ma alto ne. Anthony Braxton ya cika faifai biyu da alto shi kaɗai, ba ganga ba fiyano. Wannan kururuwar da sautin da ke tsagewa gida biyu, daga maƙogwaro da leɓe da sarrafa numfashi suke fitowa, kuma masu yinsu sun shafe shekaru suna riƙe sauti ɗaya dogo mai tsabta kafin su fara fasa shi. Yatsun kuma iri ɗaya ne a duka biyun, ranar da ka so komawa tenor ba za ka fara daga farko ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hankali da 'yan kasuwar intanet. Jabu ya yi yawa: saksofon mai ƙyalli an zana masa Selmer ko Yamaha, farashi rabin na gaske, hoto ɗaya tak, mai shi kuma yana ta cewa ka turo kuɗi wani na jira. Kada ka tura ko kwabo sai ka riƙe shi a hannu. Ka nemi wani mai busa, ɗan badujala ko na coci, ya raka ka. A duba lambar da ke jikinsa, a zura ƙaramar tocila ciki a rufe maɓallai, in haske ya leƙo ta gefen fatun da ke ƙarƙashin maɓallan suna toshe ramuka to suna yoyo. A busa sautukan can ƙasa a hankali, nan ne marar lafiya ke tona kansa. Masu gyara ba su da yawa a wajenmu, sauya fatu gaba ɗaya kuma kan iya lashe abin da ka ɗauka ka rage a ciniki.

Ka samo alto na hannu mai suna na gaske, ka ware kuɗin kwalin harshe da igiyar wuya mai laushi.